Masaukin da Na Zaɓa wa Dadarku

Wannan babin na fi jinkirta shi a kan duk sauran. Na rubuta muku zamana a Kumasi da Omdurman hannuna bai tsaya ba, amma duk ranar da na iso shekarar da Allah Ya karɓi mahaifiyarku sai in sami wani abin yi. Yanzu ba sauran abin da zan fake da shi. Akwai ɗaya daga cikinku, babbanku, da yake yawo da dutse a ƙirji, yana ganin Dada ta bar duniya tana fushi da shi, kuma tun da ya zo ta'aziyya ya koma Kanada bai sake tako Bauchi ba. Na aika masa ta bakin ƙanwarsa cewa ba haka abin yake ba, ya ce mata Baba yana so ya sanyaya mini rai ne kawai. A waya kuwa ni da shi ba ma wuce ya sanyi, ya yara, a gaida mutanen gida. To ga maganar daga tushe. Ina rubuta ta gare ku duka, wanda ya san da shi nake sai ya ɗauka.

Dole in fara da kakanku, domin daga wurinsa na gaji sana'ar da ta kai ni ga wannan. Gidanmu na Ƙofar Wambai gidan baƙi ne tun ban san kaina ba. Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar fatake: masu shanu daga gabas, masu goro daga kudu, masu kanwa daga Barno. In ɗakunanmu sun cika, shi ke raba ragowar baƙin a gidajen unguwa, kuma duk wanda ya kai gidan wani ya ɗauki lamuni ta fuska biyu, baƙon ba zai cuci mai gida ba, mai gida ba zai wulaƙanta baƙon ba. Ba ya gaggawa. Sai mutum ya sha ruwa ya huta, sannan ya zauna da shi ya yi ta tambayarsa kamar mai neman aure.

"Baƙo ba kaya ba ne da za ka jibge inda ka ga fili," haka yake ce mana. "Tambaye shi abin da ba ya ci. Sannan ka tambaye shi wanda ba ya iya cin abinci a gabansa."

Wannan tambaya ta biyu tana da asali. Ya taɓa sauke wani dattijon Bafulatani da saurayin da suka zo tare a ɗaki ɗaya, bai san saurayin ɗan farin dattijon ne ba. Akushi ya riƙa dawowa cikin gida yadda aka kai shi, har matan gida suka fara zargin miyarsu. Ashe uban ba zai ci a gaban ɗan ba, ɗan ba zai ci a gaban uban ba, kuma babu mai iya buɗe baki ya ce a raba su. Tun daga ranar ya kafa doka: suruki da suruki ba sa kwana ɗaki ɗaya, haka mahaifi da ɗan fari. A ba kowa gidansa, amma gidajen su zama maƙwabta, yadda in ɗaya ya yi tari ɗayan zai ji. Na yi yawon duniya gwargwado, na yi tafinta da Larabci da Faransanci da Fulatanci, na ga yadda mai unguwar zango a Kumasi yake karɓar baƙo, na ga masu saukar alhazai a Jidda, na kuma ga otal a Marsai ta Faransa inda mai ba da makulli bai ɗaga kai ya dubi fuskata ba. Ban ga inda aka kai mahaifina sanin cewa masauki ya wuce rufi da tabarma ba.

Bayan gwiwa ta zaunar da ni, babbanku ne ya shigar da ni wani dandalin tattaunawa na intanet, don kada zaman gida ya cinye ni. Ba irin wanda kuka saba da shi ba ne, mai kamfani ɗaya da ke riƙe da kowa. Wannan gari ne mai gidaje da yawa. Masu abin suna kiran kowane ɗaya saba, ni kuwa gida nake cewa, kuma har yau ban ga inda kalmar ta gaza ba. Kowane gida da mai shi, da dokokinsa, da irin mutanensa. Mutum yakan yi rajista a gida ɗaya, amma yana jin maganar na sauran gidajen, su ma suna jin tasa, domin gidajen suna miƙa wa juna saƙo. Matsalar tana bakin ƙofa. Sabon zuwa da ya buɗe sai a ce masa zaɓi gida, a zube masa sunaye rututu, bai san na kirki ba bai san na banza ba. Da yawa daga nan suke juyawa. Da na ga haka sai jinin fatoma ya motsa. Na fara da malaman makarantar da ke bayanmu, sai teloli biyu na Ƙofar Dumi, sai Madam Ngozi mai atamfa a Kasuwar Muda Lawal, wadda Dadarku ta daɗe tana sayayya a wurinta. Kafin a jima duk wanda ya tsaya turus a ƙofar sai a ce masa, je ka wurin Alhaji na Ƙofar Wambai.

Ba na nuna wa kowa gidan da ban zauna a cikinsa ba. Nakan shiga in yi shiru in saurara. Ina duba ko mai gidan yana amsa sallama, ko dokar da ya rubuta tana hawa kan abokinsa kamar yadda take hawa kan baƙo, ko ana yin Hausa ba a yi wa mutum dariya ba. Ina tambayar mutum nawa ke riƙe da makulli, domin gidan da mutum ɗaya ke riƙe da shi, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi kowa a waje zai kwana. Manyan gidaje kamar tashar mota suke, akwai kowa da komai, ba mai sanin ka shigo ba mai sanin ka fita. Ƙananan kuwa kamar gidan gado, ana sanin tarinka, amma in an yi faɗa ba wurin ɓuya. Matashi mai son hayaniya nakan kai shi tasha. Dattijo ko mace mai gudun zagi nakan nema musu ƙarami. Na yi alfahari da wannan aiki, ba zan ɓoye muku ba. Ji nake kamar zauren mahaifina ya sake cika.

Yanzu sai maganar Dada da ɗan farinta. Ku ƙanana kun tashi kun ga tana kiran sunayenku, tana zaginku, tana cusa muku tuwo a baki, sai kuke ganin haka take da kowa. Da shi ba haka ba ne. Mahaifiyarku 'yar gidan kunya ce ta gaske, kuma yaron ya zo da nauyi biyu, ga shi na fari, ga shi an sa masa sunan mahaifina. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga yayata, Goggonku, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Daga ranar sunansa a bakin Dada ya zama na Goggo. Ba ta kiransa, ba ta zama inda yake zaune, in ya shigo gaisuwa takan amsa tana kallon tukunya. Mutane suna yaba mata, ana cewa ga mace mai kara. Ni ma haka na ɗauka abin ya tsaya, sai wata rana da na dawo daga Ngaundare ba zato, na shigo ba a ji sallamata ba. Na same ta a bayan madafa, ta kife turmi ta hau, ta kama bakin katanga da hannu biyu tana leƙen tsakar gidan Goggo, inda ake yi wa yaron wanka yana tsala ihu. Da ta ji motsina ta diro har zaninta ya kusa kwancewa.

"Me ake kallo?" na ce.

"Kazata nake nema."

"Hajiya, yaushe muka yi kaza a gidan nan?"

"To ai shi ya sa ban gan ta ba," ta ce, ta shige ɗaki.

Ban sake tayar da maganar ba, ita ma haka. Amma turmin bai sake komawa wurin daka ba. Ta ce wai ya tsage, aka sayo wani, shi kuma ya zauna a kife a gindin katangar har yaron ya girma, ya yi karatu, ya haye jirgi.

Shekarar da nake ba ku labari, ta lura kullum da hantsi ina riƙe da waya ina murmushi. Takan wuce da tsintsiya ta dawo, ta sake wucewa. Rannan ta tsaya.

"Malam, wannan abin da kake sauke mutane a cikinsa, tsofaffin mata ba sa shiga ne?"

"Suna shiga mana. Akwai wanda kike son ji ne?"

"Ni? Wa zan ji? Girke-girke dai."

"To bari in sa ki gidan da na Goggo yake. Babban gida ne, na mutanenmu da ke zaune a ƙasashen waje."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi.

"Gida ɗaya? Kai da bakinka? Ɗan fatoma guda? Ka sa ni maƙwabta dai, inda in kazata ta ɓace zan leƙa."

Na yi dariya har da hawaye, na ce wallahi kin fi ni riƙe karatun mahaifina. Kuma gaskiya ko ba ta faɗa ba, da na natsu abin da zan yi ke nan. Na san wani ƙaramin gida na mata, wanda wata malamar makaranta mai suna Malama Rakiya ta buɗe tare da ƙawayenta biyu. Ya cika duk sharuɗɗana. Makulli a hannun mutum uku, ana Hausa, ba zagi, mai gida tana amsa sallama. Can na riga na sauke Madam Ngozi, tana ta yabawa. Na yi wa Dada rajista a can, na nuna mata inda za ta taɓa ta riƙa ganin rubutun yaron, na aika masa shi ma da sunan da ta shiga da shi ba tare da na ƙara ko kalma ba. Ni kuma ina wani gida na uku, wanda na fara sauka a cikinsa, ina hango su duka biyun.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi daɗin abin da na gani a tsufana. Ba ta taɓa amsa masa kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ba. Amma sai ya rubuta cewa yau dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa, ba abin da yake marmari irin masar Bauchi da miyar taushe, sun gwada ƙullun ya ƙi tashi. Washegari sai ga Dada, da yatsa ɗaya da bokonta na makarantar yaƙi da jahilci, ta rubuta wa matan gidansu yadda ake ƙullun masa, ta ƙare da cewa duk wanda yake ƙasar sanyi ya rufe kwanon da bargo ya ajiye kusa da abin ɗumama ɗaki, kuma ya daina gaggawa, don tun yana ƙarami wani bai iya jira ba. Bayan kwana kaɗan sai ga hoton masa a faranti daga can, an rubuta a ƙasa: wata baiwar Allah ta ba da shawara, Allah Ya saka mata da Aljanna. Na ga Dada ta kai wayar kusa da idonta ta daɗe, sannan ta ce wa bango:

"Ta ƙone ta gefe. Wuta ta yi yawa."

Haka suka yi ta yi. In 'yarsa ta yi tari, gobe matan gidan Malama Rakiya za su sha bayani a kan zuma da citta. In Dada ta ce ƙafa tana damun wata tsohuwa, jibi sai ya rubuta wa duniya dogon bayani a kan rage gishiri. A cikin 'yan watannin nan sun yi hirar da ba su yi ba tun haihuwarsa. Na ce a raina, Allah Ya ji ƙan mahaifina, dokarsa ta yi aiki har a inda babu ƙasa babu katanga.

Da azumi ya zo kowa ya rage rubutu, ban damu ba. Bayan ƙaramar salla sai yaron ya saki wani dogon rubutu, wanda na san yawancinku kun karanta kafin ya goge shi. A kan kunyar ɗan fari ya yi shi. Bai zagi kowa ba. Ya ce shi dai ya girma bai taɓa jin sunansa a bakin wadda ta haife shi ba, yana yaro yakan tsaya a jikin katanga yana jin tana kiran ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, yana jira ko za a yi kuskure a haɗa da shi. Ya ce tasa 'yar farin yana kiran sunanta sau ɗari a yini, yana goya ta a kafaɗa a gaban kowa, kuma ba ya jin ya rage wa kowa daraja. Ya rufe da tambaya, wai shin abin da ba a taɓa faɗa ba, ta yaya yaro zai san yana nan? Na karanta na ajiye wayar. Na san da wa yake. Na kuma san, a ganina, cewa ta karanta, tunda ba abin da yake rubutawa da ke wuce ta. Ban ce mata komai ba. Yaya zan ce? Ni ma mahaifinsa ne, kunyar da ke bakinta tana nawa.

Amsa ba ta zo ba. Ta ci gaba da ɗan rubutunta jefi-jefi, yau tsadar tumatir, gobe addu'ar safiya, amma babu wanda ya taɓa maganarsa ko daga nesa. Ya rubuta cewa yarinyar ta fara tafiya, shiru. Ya rubuta cewa ya yi zazzaɓi, shiru. Ni da nake ganin su duka na ce to, ta ji ciwo, a bar ta ta huce. Shi ma daga can abin da ya ce ke nan. A lokacin ne kuma ciwon zuciyar da ta daɗe tana ɓoyewa ya fito fili, ƙafafu suka kumbura, muka fara zaryar asibiti. Wata rana da la'asar tana kwance a tabarma a tsakar gida, wayar a kan ƙirjinta, sai ta ce:

"Malam, su can ƙasar sanyin, su ma ana ɗauke musu wuta?"

"Ina! Wutarsu ba ta ƙiftawa."

"Ko ruwan sama ba ya taɓa musu waya?"

"Ba ya taɓawa."

Ta juya fuska wajen katanga.

"To. Dama ban kyauta ba. Uwa ba ta bin ɗa har kasuwa."

Na ɗauka rubutun nasa take nufi. Na ɗauka cewa take yi da ba ta shiga ba da ba ta ji abin da ta ji ba. Na ce mata ki yi haƙuri, yaran yanzu ne. Ta ce ba komai, Allah Ya yi masa albarka duk inda yake. Ku riƙe wannan, da kunnena na ji. Daga ranar ba ta sake neman wayar ba. Damina ba ta ƙare ba muka kai ta makwancinta.

Ya iso bayan an yi sadakar uku. Ya zauna a zaure tare da mu yana karɓar gaisuwa, idonsa a ƙasa. Da mutane suka ragu ya tsallaka gidan Goggo, ni kuma ina daga tsakar gidanmu, katangar nan ba ta ɓoye magana. Na ji ya ce:

"Goggo, da ciwon ya yi tsanani, ta ambace ni?"

"Ita? Yo yaushe ta taɓa ambatonka, ɗan nan? Ai uwarka har ta koma ga Allah ba ta zubar da kunyarta ba."

Goggo yabo take yi. Kwana kaɗan ya koma, ya goge rubutun, bai sake sa ko harafi a dandalin ba.

Sai bayan arba'in Madam Ngozi ta zo, don ta yi tafiya garinsu lokacin rasuwar. Ta durƙusa a ƙofar zaure tana kuka da gaske, ta ce Hajiya ya tafi ya bar mu, Hajiya mai kirki, ko ciniki bai yi ba sai ya tambayi yara. Da ta share hawaye za ta tashi, sai ta ciro waya daga jaka.

"Alhaji, ba lokacinsa ba ne, amma wannan gida da ka sa ni, ya lalace ne? Yarona na Ingila, da kullum ina gani shi. Tun azumin ku ban gani ba. Na kira shi na ce kai, ka manta uwarka? Ya ce Mama, kullum ina rubutu, ke ce kin daina."

"Wane gida yaron naki yake?"

Ta faɗi sunan. Babban gidan nan ne na mazauna waje. Na karɓi wayarta na nemi sunan babbanku. Babu. Na shiga ɗaki na ciro wayar Dada daga cikin kwallar da aka tara kayanta, na sa mata caji, na tsaya a kanta har ta kawo. Rubutunsa na ƙarshe da ya iso mata na cikin azumi ne, hoton 'yarsa riƙe da dabino. Daga nan ba komai. Babu dogon rubutun, babu tafiyar yarinya, babu zazzaɓi.

Na nemi Malama Rakiya, ta zo har gida da kanta, mace mai natsuwa. Ta ce a goman ƙarshe na azumi wasu 'yan damfara da masu watsa hotunan batsa suka cika babban gidan, suna bin matan gidanta da saƙo har cikin dare. Ta yi wa masu gidan magana ba su kula ba, gidan ya fi ƙarfinsu. Sai ita da abokan riƙonta suka yanke hulɗa da gidan gaba ɗaya, yadda ba abin da zai fito daga can ya shigo, ba abin da zai fita daga nan ya isa can. Ta ce sun sa sanarwa a shafin dokoki.

"Da Hausa?" na ce.

"Da Turanci muka sa, Baba. Mun ce za mu fassara, salla ta zo." Ta dube ni. "Wani abu ya faru ne?"

Na gaya mata. Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe.

"Da ta faɗa mini tana da ɗa a can, wallahi da na kira ta da kaina. Mun tambaya, duk mai ɗan'uwa a can ta yi magana. Ba ta taɓa cewa tana da kowa ba."

"Ba za ta ce ba," na ce. "Ke kin yi abin da mai gida ke yi. Kin tsare baƙinki."

Har yau a kan haka nake. Ba na ganin laifinta, kuma kada wani cikinku ya riƙe ta. Gidan da na zaɓa gidan kirki ne, saboda kirkinsa ma ya rufe ƙofa. Dokar kakanku ma ba ƙarya ba ce, mutane da yawa sun ci abinci sun ƙoshi saboda ita. Sai dai shi katangarsa ta ƙasa ce, ba mai iya tashi cikin dare ɗaya ya ƙara mata tsawo har sama ba a ji ƙarar ginin ba. A wancan garin ana iyawa. Kuma da wasu uwa da ɗa ne, masu amsa wa juna kai tsaye, da a yini ɗaya an gane. Waɗannan kuwa shiru ne hanyar maganarsu tun asali, shi ya sa da shirun gaske ya zo ba wanda ya bambance shi, har ni da nake tsaye ina kallon gidajen biyu. Ina sauke baƙi har yanzu, in an turo su. Ina yin tambayoyin mahaifina biyu, sannan in ƙara tawa: wa kake so ka ji? In mutum ya ce ba kowa, girke-girke dai, to shi na fi zama da shi. Kuma in na gano, gida ɗaya nake sa su, su ji kunyar su gama.

To ga abin da nake so a sani. Ba ta karanta rubutun ba. Ba ta yi fushi ba, domin ba ta san akwai abin fushi ba. Abin da ta tafi da shi shi ne zaton cewa ta cika leƙe har an gaji da ita, kuma a kan wannan zaton ma albarka ta sa. Ban san abin da za ta ce ba da ta karanta, ba zan ƙirƙira mata magana tana kabari ba. Amma an yi tambaya a ƙarshen rubutun nan, wai ta yaya yaro zai san abin da ba a faɗa ba, kuma ina ganin amsar tana bayan madafa. Kwanakin baya, da na tabbata ba kowa a gidan, na dafa bango na hau turmin nan da gwiwoyin nan nawa. Ƙasansa ya yi sulɓi, wuri biyu sun ɗan lotsa daidai tafin ƙafa. Na kama bakin katanga na leƙa. Ba a ganin zauren Goggo daga wurin, ba a ganin rijiya, ba a ganin komai na gidan sai ƙofar ɗaki ɗaya da ɗan filin gabanta. Ashe lokacin da wani yake tsaye a jikin katangar yana jiran a yi kuskure a kira shi, tana bisa kansa.

Masu gyaran gida sun so su fasa turmin su yi itace, na hana. Yana nan inda ta bar shi. Ita ba ta samu ta faɗa ba, ni kuma shekarun nan duka ban taɓa faɗa ba, sunan mahaifina ne, yana yi mini nauyi a baki, yana yi mini nauyi a alƙalami. Amma na ga abin da shiru ya ci mana.

Usmanu, ka zo gida. Ka zo da yarinyar.